Daga Tamburawa Zuwa Bakin Famfo: Inda Ruwan Kano Yake Gurɓacewa

Maganar ruwan famfo a Kano ba ta cika wuce "ya zo" ko "bai zo ba". Unguwar da ta yi wata uku famfonta a bushe, ranar da ya tsiyayo ba mai tsayawa tambayar lafiyarsa, kowa bokiti yake nema. Sai damina ta kankama, asibitoci sun cika da masu amai da gudawa, sannan ake waiwayen abin da ake sha. A idon jama'a, har ma a bakin wasu jami'ai, ƙarancin ruwa matsala ce daban, tsabtarsa kuma wata daban. A aikin injiniya ba haka abin yake ba. Bututun da ake ɗauke wa ruwa ana dawo masa da shi ba zai iya riƙe tsabta ba, komai kyan aikin da aka yi a matata. Wannan shi ne tushen matsalar ruwan Kano, da ma na yawancin biranenmu.

Ruwan da Hukumar Samar da Ruwan Sha ta Jihar Kano take turo wa birni, mafi yawansa ruwan kogi ne. Tsohuwar matatar Challawa da ke wajen Panshekara tun farkon shekarun 1930 take, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, daga baya aka yi ta ƙara mata sassa. Matatar Tamburawa tana kan hanyar Zariya, kuma sabon sashenta an gina shi ne don ya tace lita miliyan 150 a kullum. Akwai ta Watari a Bagwai mai lita miliyan 75. Kogin Kano madatsar Tiga ce ke riƙe da shi, wadda aka kammala a 1974, Kogin Challawa kuma madatsar da ke Ƙaraye ce, ta 1992. Daga matatun ake tura ruwan zuwa manyan tankuna irin na Goron Dutse, daga nan ya gangaro cikin gari. Waɗannan alƙaluma na abin da aka tsara ne a takarda. Abin da ke fita a rana ya dogara da wuta, da lafiyar injina, da maganin da ke sito.

Ɗanyen ruwan ba iri ɗaya yake ba duk shekara. Da rani, wanda aka sako daga madatsa ya riga ya kwanta, duhunsa kaɗan ne, sai dai a samu gansakuka. Ruwan farko na sauka kuwa, duk abin da ya taru a doron ƙasa tun kaka sai ya bi rafuka ya shigo: laka, kashin dabbobi, bayan gidan da aka yi a fili, ragowar taki da maganin feshi na gonaki. Ana auna duhun ruwa da ma'aunin NTU. Kogin da ke nuna 20 ko 30 da rani yana iya haura ɗaruruwa cikin awanni bayan mamakon ruwa guda. Masu haƙar yashi a cikin kogin su ma suna tayar da laka. Ga kuma dagwalon masana'antun Sharaɗa da Challawa, musamman na jimar fata, wanda ya daɗe yana bin rafin Salanta da wasu magudanai zuwa Kogin Challawa.

Aikin matata shi ne ta mayar da wannan ruwa abin da ƙa'idar ƙasa ta yarda a sha. Ƙa'idar ita ce NIS 554, wadda hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015. Ta ce kada duhu ya wuce NTU 5, ma'aunin pH, wanda ke sauka idan tsamin ruwa ya ƙaru, ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5, kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna bayan gida ya taɓa ruwa, ko ɗaya a cikin mililita 100, sinadarin naitiret kada ya wuce miligiram 50 a lita, fuloraid 1.5, ƙarfe 0.3, dalma 0.01, kuromiyam mai guba 0.05.

Matakin farko shi ne zuba alif, wanda ma'aikata suka fi kira alam. Lakar da ke sa ruwa ja ƙanana ce ƙwarai, ko an ajiye ruwan kwana da kwanaki wata ba za ta kwanta ba, domin ƙwayoyinta ture juna suke yi. Alif ke karya wannan turin. Ana zuba ruwansa a inda ɗanyen ruwa ke shigowa da ƙarfi, a gauraya shi cikin ƙasa da minti ɗaya, sannan ya wuce wani ɗaki a riƙa juya shi a hankali na minti 20 zuwa 30, har lakar ta haɗu gudaji-gudaji. Daga nan sai tankin kwantarwa, inda zai yi awa biyu zuwa huɗu gudajin ya sauka ƙasa.

Yawan alif ɗin ba a ƙiyasta shi da ido. Ana jera kofunan gilashi shida, kowanne da lita ɗaya ta ɗanyen ruwan wannan ranar, a sa wa na farko miligiram 10, na biyu 20, haka har na shida, a juya, a bari su kwanta, a ga wanda ya fi washewa da ƙaramin magani. Da rani gwaji ɗaya a rana ya isa. Da damina kuwa, duk sanda launin kogi ya sauya sai an sake, ko da tsakar dare ne. In aka rage, laka ta wuce. In aka zarce, ruwan ya yi tsami, gudajin ya ƙi haɗuwa, ragowar alif ɗin ta bi bututu ta je ta kwanta a can. Alif ya fi aiki idan pH yana tsakanin 6 da 7.5, kuma shi kansa yana saukar da pH ɗin, shi ya sa ake haɗa shi da garin laim, mai rage tsami.

Lissafin kuɗin ma yana da amfani a sani. Matatar da ke tace lita miliyan 150, idan tana sa miligiram 40 a kowace lita, tana cin tan 6 na alif a rana, wato buhu 120 masu kilo 50. Ranar da kogi ya yi ja, sai ta ninka. Idan kwangilar kawo magani ta yi jinkiri, ma'aikacin da ke bakin aiki zaɓi biyu gare shi: ya tsayar da matata gari ya kwana ba ruwa, ko ya tsimi abin da ya rage ya tura ruwa rabi da rabi. Matsin lambar jama'a da ta shugabanni kullum wajen na biyun take turawa. Matatar da ta san abin da take yi ba ta shiga damina sai da ajiyar aƙalla wata uku a sito, kuma tana gwada kowace lodi kafin ta karɓa, domin akwai alif da ba ya ja.

Tankin kwantarwa kansa yana buƙatar a riƙa zubar da lakar da ta taru a gindinsa. In injin kankare laka ya lalace aka bar shi, lakar ta ci rabin tankin, ruwan da ya kamata ya yi awa uku sai ya wuce cikin awa ɗaya da rabi da gudajinsa, ya je ya toshe yashi.

Yashin tacewa shi ne mataki na gaba, kuma shi aka fi wulaƙantawa. Gado ne na yashi mai zurfin santimita 60 zuwa 75 a kan tsakuwa, ƙwayar yashin tsakanin rabin milimita da milimita ɗaya, ruwa na ratsa shi da saurin mita biyar zuwa bakwai a awa. Bayan awa 24 zuwa 48 sai ya toshe, a wanke shi ta hanyar hura iska da turo ruwa mai tsabta daga ƙasa zuwa sama. Idan injin hura iskar ya mutu, wankin ba ya fita, laka ta dunƙule cikin yashin, gadon ya tsattsage, ruwa ya samu hanya ya riƙa zurarewa ba tare da an tace shi ba. Idan aka wanke da ƙarfin da ya wuce kima, yashin ne ke bin ruwa ya tafi, shekara biyu sai a tarar rabinsa ya rage. Haka nan ruwan da ya fara fita bayan wanki ba ya da kyau, ya kamata a zubar da na mintunan farko. Muhimmancin wannan mataki shi ne akwai ƙwayoyin cutar da kulorin, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ba ya iya kashewa a yawan da ake sa wa ruwan sha, irin su Cryptosporidium. A irin wannan matata, yashi ne ke tare su. A birnin Milwaukee na Amurka, a 1993, kimanin mutum 400,000 suka kwanta da gudawa daga ruwan famfon da aka sa masa kulorin, saboda tacewar ce ta yi rauni.

Sai kulorin. Manyan matatu da iskarsa suke aiki, cikin manyan tukwanen ƙarfe. Ƙanana kuma, ko manyan idan na'urar iskar ta lalace, da gari ake yi, wanda ake kira HTH, mai ƙarfin kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari. Abubuwa uku ke sa ya yi aiki. Ruwan ya zama ya washe, abin so ƙasa da NTU 1, domin ƙwayar cuta tana fakewa cikin laka, lakar kuma tana cinye maganin. Ya samu aƙalla minti 30 yana cuɗanya da ruwan kafin a tura. Kuma pH ya zama ƙasa da 8. Wannan na ƙarshen ana yawan mantawa da shi: a pH 7.5 kusan rabin kulorin ɗin ne ke cikin siffarsa mai kisa da sauri, a 8.5 kuwa kusan kashi goma ne kawai. Don haka laim ɗin gyara tsami na ƙarshe bayan tankin kulorin ya kamata a zuba shi, ba kafinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bayan minti 30 ɗin a samu ragowar aƙalla miligiram 0.5 a lita, sannan a bakin famfon mai sha kada ta gaza 0.2.

Wannan ragowa ita ce mai gadin ruwan a kan hanya. Masu ƙorafin cewa ruwan famfo yana warin magani su sani, ɗan warin nan alama ce mai kyau. Abin tsoro shi ne ruwan da ya yi tafiyar kilomita ashirin ya iso ba wari ko kaɗan. Gaskiya ne kulorin idan ya haɗu da ruɓaɓɓen ganye a ruwa yana haifar da wasu sinadarai da ba a so a daɗe ana sha, amma maganin wannan shi ne a tace da kyau kafin a sa shi. Rage shi ba magani ba ne. Haɗarin wancan sai bayan shekaru masu yawa, kwalara kuwa cikin yini guda take kai babba ƙasa.

A ce duk wannan an yi shi daidai, ruwa ya bar Tamburawa garau. Nan ne ainihin labarin ke farawa.

Babu bututun gari a duniya da ba ya yoyo. Abin da ke kare ruwan ciki shi ne matsi: muddin bututu na cike kuma ruwan na tunkuɗa bangonsa, duk hudar da ke jiki waje take fitarwa, ba abin da zai shiga. Da zarar wuta ta ɗauke a matata, ko an rufe bawul don a ba wata unguwa nata rabon, ruwan da ke cikin bututu sai ya ci gaba da gangarawa wajen kwari, ya bar wofi a bayansa. Wofin nan zuƙa yake yi, kamar yadda ake zuƙar lemo da tsinke. Duk abin da ke kewaye da hudar, shi zai shiga.

To me ke kewaye da hudar? Duk wanda ya bi lungunan cikin birni, ko Fagge, ko Kurna, ko Brigade, ya duba cikin kwata zai ga amsar. Ƙananan bututun roba masu rabin inci, biyar, goma, wani lokaci fiye, a jere cikin lambatu, baƙin ruwa na bi ta kansu. Masu haɗa famfo sun fi son kwata saboda ba sai an fasa titi ko siminti ba. Inda bututun ya fashe, an naɗe shi da tsohuwar robar tayar keke ko leda. Lokacin da akwai ruwa, za ka ga yana feshi siriri ta gefen ɗaurin. Lokacin da babu, ta wannan kafar ruwan kwatar ke komawa ciki, kuma ba gidan mai bututun kaɗai yake tsayawa ba, yana iya komawa har babban layin da ke ba dukan unguwa. Manyan layukan su ma da yawansu tsofaffi ne, na ƙarfe da na siminti, gari ya girma a kansu, an yi gini, an haƙa masai da sokawe dab da su.

Akwai kuma abin da mutane ke yi da hannunsu saboda rashin ƙarfin ruwa. Mai hali ya sayi injin ja ya ɗaura kai-tsaye a jikin layin hukuma don ya cika tankinsa na sama. Injin nan yana janye matsin layin gaba ɗaya, har ya mayar da shi mai zuƙa ko da matata na turowa. Maƙwabcinsa marar hali kuma ya haƙa rami a ƙofar gida, ya yanke bututun a ƙasa-ƙasa don ruwa ya samu fitowa, ya bar bakinsa a buɗe. Ruwan sama na sauka ramin ya cika da abin da ya kwaso daga titi, bakin bututun na nutse a ciki. Hanyar da ta dace ita ce ruwan hukuma ya zuba da kansa cikin tankin ƙasa, bakin bututun yana sama da iyakar cikar tankin, sannan inji ya ja daga tanki.

Shi ya sa ruwan da ya fara zuwa bayan ɗaukewa ya fi kowanne haɗari. Yana tafe da abin da bututu ya zuƙa, da tsatsa, da yauƙin da ya tsiro a bangon bututu lokacin da yake a jiƙe ba kulorin. Ragowar 0.2 ko 0.5 ɗin nan an tanade ta ne don ƙaramar ƙazanta, ba za ta iya da ruwan kwata ba, nan take take ƙarewa. Zafi ma na cin ta. A watan Afrilu, da zafin Kano ke haura digiri 40, ruwan da ya jima a tanki ko a ƙarshen layi yana iya rasa kulorinsa tun bai ga ƙazanta ba. Ana magance wannan da ƙananan tashoshin ƙara kulorin a bakin manyan tankuna da tsakiyar dogayen layuka. Ɗura shi da yawa daga matata ba ya biya, domin na kusa ba za su iya sha ba, na nesa kuma duk da haka ba zai kai musu ba.

Gyaran fashewa ma wata ƙofa ce. Ƙa'ida ita ce a kwashe ruwan ramin har ya sauka ƙasa da bututu, a wanke sabon guntun da ruwan kulorin mai ƙarfi, a haɗa, a buɗe ƙarshen layin ruwa ya gudu har ya washe, a auna, sannan a ba jama'a. Abin da aka fi gani shi ne a haɗa cikin taɓo a mayar da ƙasa a tafi.

Sakamakon duk wannan ba ɓoyayye ba ne: taifot, atuni, shawara, gudawar yara, kwalara. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga fiye da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu da kwalara a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Kano, Jigawa da Bauci na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Ba a ce famfo ne ya jawo duka ba. Da yawan waɗanda suka kamu ba su ma da famfon. Amma rashin famfon shi ma daga matsalar ya fito, domin inda hukuma ta gaza, rijiya da 'yan garuwa ke cike gurbi.

Jarkar ɗan garuwa mai lita 25 daga rijiyar burtsatse ta wani ɗan kasuwa ake cika ta, kuma yawanci ba wanda ya taɓa gwada rijiyar. Mutane na ɗauka duk ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa garau lafiyayye ne. Ƙasar Kano dutse ne a ƙasa, ruwan yana zaune ne a ruɓaɓɓen saman dutsen da tsagoginsa, ba nisa can ba. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da masai. A filin da bai wuce ƙafa 50 ba, kowane maƙwabci da nasa masan, wannan tazara babu ita. Idan mai haƙa bai zuba siminti ya toshe mitocin farko na gefen bututun rijiyar ba, ruwan sama-sama yana bin jikinsa ya gangara. Naitiret, wanda ke fitowa daga masai da taki, ba shi da launi ba shi da wari, kuma jariran da ba su kai wata shida ba waɗanda ake dama wa madara da ruwan su ya fi yi wa illa, yana hana jininsu ɗaukar iska. Abin da ya faru a Tibiri, kusa da Maraɗi, ya isa misali a kan ruwa garau. Rijiyar da aka haɗa wa famfon garin a tsakiyar shekarun 1980 tana ɗauke da fuloraid ninki uku ko fiye na abin da aka yarda, aka yi shekaru fiye da goma ana sha, haƙoran dubban yara suka lalace, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Gwaji ɗaya mai arha kafin a buɗe rijiyar, da kunnen da zai saurari sakamakonsa, da ya hana.

Batun dagwalon majema ma haka yake, ido ba ya gani. Kuromiyam, sinadarin da ke cikin dagwalon, iri biyu ne. Wanda ake jima da shi, alif na iya kwantar da mafi yawansa. Ɗaya nau'in, mai guba sosai, alif ba ya kama shi da kyau, tafasawa ba ta fitar da shi, kuma kulorin na iya juyar da na farkon ya koma na biyun. Ba a matatar ruwan sha ake yaƙi da shi ba, a bakin masana'anta ake tare shi. Aikin hukumar ruwa shi ne ta riƙa auna ƙarafan nan a mashigar kowace matata a kai a kai, musamman ƙarshen rani da kogi ke raguwa dagwalon ya yi kauri.

Wa ke dubawa? Ƙa'idar NIS 554 ta raba aikin gida biyu. Mai samar da ruwa ya riƙa gwada kayansa kullum, ya rubuta tsarin kare lafiyar ruwa daga kogi har famfo, ya sanar da hukumomin lafiya idan tacewa ta samu matsala. Ma'aikatar lafiya kuma, da duba-garinta, ta sa ido daga waje. Hikimar a fili take: mai abu ba ya zama alƙalin kansa. A aikace gwajin da ake yi mafi yawa a cikin harabar matata yake ƙarewa, inda ruwan ya fi kyau, alhali inda ake sha ne ya kamata a bi. Bisa jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya, birni mai mutum miliyan huɗu a kan famfo yana buƙatar gwajin ƙwayoyin cuta kusan 1,500 a shekara daga cikin layukan gari, wato sama da ɗari a wata, ana fifita ƙarshen layi, kasuwanni, asibitoci da makarantu. Ɗaukar samfurin ma da ƙa'idarsa: kwalba dafaffiya mai ɗan maganin da ke kashe kulorin don kada ya ci gaba da aiki a hanya, a goge bakin famfo a bar shi ya zuba minti biyu, a sa cikin akwatin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin awa shida. A can ake tace mililita 100, a ajiye a zafin digiri 44 na awa 18 zuwa 24, a ƙirga abin da ya tsiro. In wuta ta ɗauke a tsakiyar wannan lokaci ba janareto, sakamakon ya tashi a banza, kuma yakan nuna ruwan ya fi yadda yake kyau.

Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana. Sabuwar matata tana da daɗin buɗewa, amma naira ɗaya da aka kashe wajen ba matatun da ake da su wutar da ba ta yankewa, da fitar da bututu daga kwata, ta fi naira goma a sabon gini amfani ga lafiyar mai sha. Gara a ware yanki guda, a rufe iyakokinsa da bawul, a gyara yoyonsa, a ba shi ruwa dare da rana, sannan a matsa na gaba, da a yayyafa wa gari duka awa bibbiyu. Kuma sakamakon gwaji na kowane wata a fitar da shi unguwa-unguwa, a karanta a rediyo. Wanda ake kai wa takardar kuɗin ruwa yana da haƙƙin sanin abin da aka sayar masa.

Kafin a kai can, gida ne matata ta ƙarshe. Idan ruwa ya dawo, a bar famfo ya zuba har ya washe, na farkon a yi wanki ko ban ruwan shuka da shi. Na sha, idan da duhu, a bari ya kwanta ko a sa ɗan alif ko garin 'ya'yan zogale, a tsiyaye. A tuna waɗannan washe ruwa kawai suke yi, ba sa kashe cuta. Bayan nan ko dai a tafasa har ya yi ta ɓararraka, ko a sa kulorin. Ƙwayar kulorin ta Aquatabs mai miligiram 67 tana isar lita 20 na ruwa garau, a ninka idan da duhu, a jira minti 30. Mai garin HTH zai iya jiƙa giram 15, kimanin babban cokali ɗaya a shafe, cikin lita ɗaya ta ruwa, ya bar farin ya kwanta, ya riƙa zuba ƙaramin cokali ɗaya na ruwan saman a jarka mai lita 25. Haɗin nan a ajiye shi a rufe, a inuwa, nesa da yara, a riƙa sabunta shi domin ƙarfinsa na raguwa. Tafasa ba ta maganin naitiret ko dalma, sai ma ta ƙara musu kauri, don haka rijiyar da gwaji ya nuna tana da su canja ta ake yi.

Randa na sanyaya ruwa, amma moɗar da ke yawo tsakanin hannun yara da ƙasa tana iya ɓata abin da aka tafasa. A rufe randar, a rataye moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a sha da ita, ko a koma mazubi mai famfo a gindi. Tankin sama a wanke shi duk wata shida: a zubar, a goge lakar gindi, a cika, a sa giram 75 na HTH a kowace lita 1,000, a bari ya kwana ya yini, a zubar ta famfunan gida, a ɗauraye.

Auna kulorin kuwa bai fi ƙarfin kwamitin unguwa ko na masallaci ba. Ƙaramin akwati ne na roba mai jerin launuka, irin na masu kula da wurin ninƙaya, da ƙwayar gwaji da ake kira DPD lamba ɗaya. A bar famfo ya zuba minti biyu, a cika ma'aunin, a jefa ƙwayar, a girgiza, a duba nan take. Idan ya yi ruwan hoda da ya kai 0.2 zuwa 0.5, ruwan na da kariya. A lokacin annoba 0.5 ake nema a kowane famfo, tankar da ke raba ruwa kuma 2.0 a wurin cikawa. Idan ya tsaya fari, a rubuta rana da lokaci da lungu, a sake gobe da jibi a gidaje uku ko huɗu na layin. Gida ɗaya kawai ya nuna sifili, a bi bututunsa, ana iya samun ɗaurin roba cikin kwata. Layin duka ya nuna sifili, takardar nan ita za a kai ofishin hukumar ruwa na shiyya da sashen lafiya na ƙaramar hukuma, a sanar da gidajen layin su tafasa na sha har sai an gyara an sake aunawa.